Ranar Ritaya: A Bar Kuɗin a Kamfanin Fansho ko a Miƙa wa Kamfanin Inshora?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya kai shekara 60 da haihuwa, ko ya cika 35 yana aiki, akwai takardar da za a ajiye masa a gaba kafin ya ga ko sisi na fansho. A cikinta zai zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko dai ya bar abin da ya tara a hannun kamfanin fanshonsa a riƙa cire masa kaɗan-kaɗan duk wata, ko kuma a kwashe kuɗin a kai wa kamfanin inshora, shi kuma kamfanin ya ɗauki alkawarin biyansa wani adadi har ranar da ta Allah za ta kasance. Ta farkon a takardu ana taƙaita ta da PW, ta biyun kuma ita ake kira anuwiti. Da yawa daga iyayenmu da yayyenmu suna sa hannu ne bisa abu guda, wato wa ya faɗi adadin da ya fi tsoka a wata. Alhali akwai abubuwan da suka fi wannan adadin nauyi nesa ba kusa ba, kuma ɗaya daga hanyoyin nan idan an shige ta babu dawowa.

Ba kowane ma'aikacin gwamnati zancen ya shafa ba. Zaɓin ya samo asali ne daga dokar gyaran fansho ta 2004, zamanin Obasanjo, wadda aka sabunta a 2014 zamanin Jonathan. Ita ta kawo tsarin karo-karo, inda a yanzu ake cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba aƙalla kashi 10, duka a tara a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin shi kaɗai. Sojoji da jami'an leƙen asiri ba sa ciki. Tsofaffin 'yan fanshon tarayya da suka rage a tsohon tsari hukumar PTAD ce ke biyansu. A jihohi kuwa kowa da kiɗansa: Kaduna da Legas suna kan wannan tsari na asusun kowa daban, amma Kano da Jigawa nasu na adashin gata ne, ana zuba kuɗin a tukunya ɗaya a biya mutum gwargwadon albashinsa da shekarun aikinsa. Ma'aikacin jihar Kano ko Jigawa ba za a tambaye shi PW ko anuwiti ba. Malamin jami'ar tarayya, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa, ɗan sanda, jami'in kwastan, ma'aikacin jihar Kaduna, duk za a tambaye su.

Kafin a zo kan zaɓin, akwai dunƙulallen kuɗin da ake fara ba mutum, wanda mutane suka saba kira garatuti ko da yake daga cikin ajiyarsa ake cire shi. Ba yadda mutum ya ga dama yake ɗiba ba. Akwai ma'aunin lissafi na hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, da ke duba shekarun mutum, namiji ne ko mace, albashinsa na ƙarshe da jimillar abin da ke asusun, da nufin ragowar ta isa biyan fanshon da ya kai wajen rabin albashin da ya bari. Mutane da yawa abin da ke zuwa hannunsu wajen kashi ɗaya bisa huɗu ne. To, wannan ragowar ita ake magana a kai.

Kwatancen da ya fi kusa shi ne manomi da rumbunsa. A PW rumbun yana nan naka, an dai sa mai awo yana auna maka mudu kaza duk wata, yana kuma juya sauran don ya ƙaru. A anuwiti kuwa ka sayar da rumbun ɗungurungum ga wani attajiri, bisa sharaɗin zai riƙa aiko maka da mudu kaza muddin kana numfashi, ko hatsin ya ƙare ko bai ƙare ba. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suka tsiro.

Na farko, kuma wanda nake ganin ya fi shafar gidajenmu, shi ne gado. Mai PW idan ya rasu, duk abin da ya rage a asusunsa dukiyarsa ce, ta magadansa ce. A ce mutum ya bar naira miliyan 8 a asusun bayan ya karɓi dunƙulallen kuɗinsa, ya ci shekara uku ya rasu. Abin da ya rage, har da ribar da aka samu a kai, za a miƙa wa magada idan sun kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci. Mai anuwiti kuwa lamuninsa na shekara 10 ne. Idan ya rasu a shekara ta uku, za a biya waɗanda ya ambata haƙƙin shekara bakwai da suka rage. Idan ya rasu a shekara ta goma sha ɗaya, shi ke nan, babu abin da zai shigo gidan. Kamfanin bai ci amanar kowa ba, haka yarjejeniyar take tun farko, domin da kuɗin waɗanda suka rasu da wuri ake biyan waɗanda suka yi tsawon rai.

Sai mutum ya dubi gidansa da idon basira. A wurinmu ba abin mamaki ba ne mutum ya yi ritaya yana da shekara 60 alhali autansa yana aji biyu a firamare, akwai amarya mai ƙuruciya, ga 'yan mata uku da ba a aurar ba. Idan irin wannan magidanci ya rasu yana da 71, autan bai gama makaranta ba, kuma anuwiti ya tsaya cak a watan. Akwai kamfanonin da ke da nau'in da ke ci gaba da biyan matar mamaci ko mijin mamaciya, amma adadin wata yana raguwa saboda haka. Mai mata fiye da ɗaya kuma lallai ya nemi a rubuta masa baƙi da fari yadda za a yi da su, kada ya tafi ya bar rigima a tsakar gida. Haka nan Musulmin da ya rubuta sunan mutum ɗaya a matsayin mai karɓa, ya kamata ya zauna da malami masanin gado ya ji matsayin wannan kuɗin, kuma ya sanar da iyalinsa tun yana raye. Sunan da aka rubuta a gurbin makusanci a takardun aiki ba ya mayar da mutum magaji shi kaɗai. Matan da mazajensu suka rasu suna shan zirga-zirga tsakanin kotu da ofishin fansho da fayil a hammata, galibi saboda abin da minti goma na bayani zai iya kawarwa tun maigidan yana nan.

Na biyu shi ne tsadar rayuwa, kuma a nan ne adadin nan mai tsoka yake yaudara. Sau da yawa kamfanin inshora yakan faɗi kuɗin wata da ya ɗara na kamfanin fansho. A ce wannan ya ce dubu 70, wancan ya ce dubu 80. Dubu goma a wata ba abin rainawa ba ce ga ɗan fansho. Sai dai dubu 80 ɗin nan, a anuwiti na yau da kullum, ita ce dai har abada. Ba ta san farashin masara ya tashi ba, ba ta san kuɗin maganin hawan jini ya ninka ba. Idan kaya suna tashi da kashi 20 cikin ɗari a shekara, cikin shekara huɗu abin da kuɗin ke saya ya koma ƙasa da rabi. Mu kuwa mun ga abin da ya fi haka: bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya kulle kansa a adadi ɗaya a 2019, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake dubu 30, yana nan a kan adadinsa bayan an mayar da shi dubu 70 a 2024.

Shi mai PW kuɗinsa ana ci gaba da juya su a asusun 'yan ritaya, wanda ake kira asusu na huɗu, mafi yawa a takardun bashin gwamnatin tarayya. Idan riba ta taru, PenCom takan ba da izinin a ƙara wa mutane kuɗin wata. An yi haka a 2017, an yi a 2020, an sake yi a 2023, kuma masu anuwiti ba sa cikin wannan ƙarin tunda kuɗinsu ya bar asusun. Kada dai a ɗauka ƙarin yana kamo tsadar kasuwa. Ba ya kamowa. Ba kowa ke samu ba, sai wanda asusunsa ya yi ƙiba sosai, kuma wani abin da za a ƙara masa bai taka kara ya karya ba. Amma idan kuɗin ruwa ya tashi a ƙasa, kamar yadda ya tashi a 'yan shekarun nan, mai PW yana da rabo a ciki, ko a ƙarin wata ko a abin da zai bar wa magada. Mai anuwiti kuwa wannan ribar ta kamfani ce. Idan kamfanin inshora ya ce yana da nau'in da ke ƙaruwa duk shekara, a tambayi da nawa zai fara, domin zai fara ne ƙasa da wancan adadin da aka yi talla da shi.

Yanzu a ba anuwiti haƙƙinsa, don yana da shi, kuma babba ne. Ajali a hannun Allah yake. Lissafin PW an gina shi ne a kan ƙiyasin shekarun da ake sa ran mutum zai yi bayan ritaya. Wanda Allah ya ja kwanansa ya wuce ƙiyasin, ya kai 85 ko 90, asusunsa na iya yin ƙasa sosai ko ma ya ƙare, a daidai lokacin da ƙarfi ya tafi, ido ya raunana, kuma asibiti ya zama wurin zuwa kullum. Dokar 2014 ta tanadi mafi ƙarancin fanshon da za a lamunce wa kowa, da asusun kariya da zai ɗauki nauyin hakan, amma an shafe shekaru gwamnati ba ta zuba abin da ya kamata ba. Sai a watan Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta amince da takardun bashi na naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho, ciki har da na wannan asusu. Mai anuwiti ba ya cikin wannan fargabar. Ko shekara ɗari ya yi, alkawarin yana nan. Ga tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun kama gabansu, kuma a danginsu ana daɗewa, wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta da ƙananan marayun da za ta bari, abin da take tsoro shi ne ta wayi gari tana da 88 babu abin sayen magani sai ta roƙa.

Sai dai alkawari ƙarfinsa ƙarfin mai yin sa ne, kuma a nan ya kamata a fahimci wa ke sa ido a kan wa. PW yana ƙarƙashin PenCom. Dokar ta raba aiki gida biyu da gangan: kamfanin fansho yana yanke shawarar inda za a zuba kuɗi, amma ba ya riƙe su, suna hannun wani kamfanin ajiya daban. An yi haka ne saboda abin da aka gani a tsohon tsari, inda kuɗin fansho suka zama ganima, tsofaffi suna faɗuwa a layin tantancewa. Shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho wanda kotu ta ɗaure shekara takwas a 2021, daga wancan ɓangaren ta fito. Saboda wannan rabon aikin, ko kamfanin fansho ya shiga rikici, kuɗin mutane ba sa cikin aljihunsa. PenCom ta taɓa karɓe ragamar First Guarantee Pension a 2011 ta naɗa shugabannin riƙo, asusun mutane kuma suna nan a wurin mai ajiya.

Anuwiti kuwa hajar inshora ce, hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ce ke kula da kamfanonin, duk da cewa ƙa'idojin anuwitin 'yan ritaya ita da PenCom suka fitar tare, kuma an wajabta ajiye kadarorinsa a wurin kamfanonin ajiya. Amma abin da ke hannunka a nan ba asusu ba ne mai sunanka, alkawari ne. Idan kamfani ya yi wa mutane alkawarin da ya fi ƙarfinsa don ya ja kasuwa, ranar biya za ta tona. A 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance. A watan Oktoban 2024 ta rushe hukumar gudanarwar African Alliance, ɗaya daga tsofaffin kamfanonin inshorar rai a ƙasar, bayan ya kasa sauke nauyin da ke kansa, masu anuwiti suna jiran kuɗinsu wata da watanni. Akwai kamfanoni masu ƙarfi da ke biya ba fashi, ba a ce duka haka suke ba. Amma wanda ya ga kamfani ɗaya ya zarce sauran sosai a adadin da yake faɗa, ya kamata hakan ya sa shi tsayawa ya yi tambaya, ba ya sa shi gaggawa ba.

Akwai kuma batun riba, wanda yake hana mutane da yawa barci ko da ba sa faɗa a ofis. Mafi yawan kuɗin fansho, a kowane ɓangare, a takardun bashi masu kuɗin ruwa ake zuba su. Tun 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da ruwa, ana zuba kuɗinsa a sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da sauran hanyoyin da suka dace da shari'a, kuma yana da ɓangaren masu aiki da na 'yan ritaya. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wanda aka fara da naira biliyan 100 a 2017, shi ne ake gina hanyoyi da shi, kowa ya ga allunansa a bakin titi. Mai PW yana iya rubuta wa kamfaninsa ya nemi a mayar da shi wannan asusun. Wanda zai tafi anuwiti kuma wannan batu ya dame shi, sai ya tambayi kamfanin ƙarara inda yake zuba kuɗin da kuma irin yarjejeniyar, ya kai wa malamin da ya amince da shi kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Duk waɗannan ana iya auna su a ga wani ya rinjaya nan, wani ya rinjaya can. Abin da ya karkatar da ni shi ne ƙofa. Mai PW yana iya komawa anuwiti daga baya, bayan ya cika wa'adin da ƙa'ida ta gindaya. Yana kuma iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, tun da aka buɗe damar hakan a watan Nuwamban 2020. Mai anuwiti ba ya dawowa PW har abada. Iyakar abin da zai iya shi ne ya koma wani kamfanin inshorar bayan shekara biyu. Tunda haka ne, wanda bai tabbatar ba me zai sa ya fara da hanyar da ba ta da komowa? Watannin farko na ritaya lokaci ne na ruɗani. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, ana bin mutum bashi a kanti, gidan gwamnati ana jiran makulli. A irin wannan hali ne wakilan kamfanoni suke samun mutum, a harabar wurin taron masu shirin ritaya, da 'yar takarda mai sheƙi da lamba an zagaye ta da jan biro, ana cewa "Baba, dubi bambancin da kanka." Wakilin inshora yana da kamasho idan Baba ya sa hannu. Shi ma na kamfanin fansho ba don Allah kaɗai yake cewa a zauna ba, kamfaninsa yana cin lada ne daga kuɗin da ke hannunsa. Kowannensu a saurare shi, amma kada a yanke hukunci a tsaye a harabar.

Don haka ga magidancin da ke da ƙananan yara, ko mai larurar da ta daɗe tana damunsa, ko wanda batun gado da riba ke gabansa, ko mai wata hanyar samu kamar gona ko gidan haya da za ta riƙe shi idan tsufa ya yi nisa, PW ya fi dacewa, kuma da shi nake ba da shawarar a fara. Bayan wasu shekaru, idan yara sun tasa, lafiya tana nan, kuma mutum ya ga tsoronsa yanzu shi ne kuɗin su ƙare, ƙofar anuwiti tana buɗe, kuma a lokacin ya san kamfanonin da suka riƙe amana a shekarun da ya yi yana kallo. Wanda kuwa ba shi da masu dogaro da shi, ba shi da wata madogara sai fanshon, kuma ya san halinsa ko halin danginsa ba za su bar shi ya huta ba muddin sun san akwai kuɗi a asusu, anuwiti a kamfani mai ƙarfi zai iya zama masa garkuwa tun ranar farko.

Ko wanne za a ɗauka, akwai aikin da ya rigaye shi. Wanda ya fara aikin tarayya kafin watan Yulin 2004 yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnati ce za ta zuba masa a asusu, kuma jinkirin wannan kuɗin ne ya sa mutane da yawa suka yi shekara ko fiye ba su fara karɓar komai ba. Ba a lissafa shi sai mutum ya yi rajista da tantancewar PenCom ta masu shirin ritaya, don haka a yi ta a shekarar da aka kira, kada a bari sai an ajiye aiki. A je ofishin kamfanin fansho a tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na katin ɗan ƙasa da na fayil ɗin ma'aikata, domin Muhammad a nan Mohammed a can ya isa ya riƙe kuɗin mutum watanni. A karɓi bayanin asusu a bi shi wata-wata, a ga ko akwai watannin da aka cire a albashi amma ba a zuba ba, a bi sawunsu tun ana da ofis da abokan aiki da za su taimaka. Sannan a nemi lissafin PW a rubuce daga kamfanin fansho, a nemi na anuwiti a rubuce daga kamfanonin inshora biyu ko uku da ke cikin jerin waɗanda aka amince da su, a kai gida a baje su a gaban uwargida da babban ɗa ko babbar 'ya, a kwana a kai kafin a koma da biro.